"Danna nan", ina nan ɗin yake? Shagon Samaru da ya gyara mana linkin littafinmu

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da muƙamin sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a cikin birnin Zariya, kuma babu aikin da yake cinye mini lokaci kamar ɗan littafin da muke fitarwa duk shekara saboda yaran da suka gama sakandare. Shafi 38 ne. A ciki muke tattara yadda ake cike fom ɗin JAMB, inda ake duba sakamakon WAEC da NECO, hanyoyin neman tallafin karatu, da bayanin bashin karatu na NELFUND tun da aka buɗe shi a 2024. Da can a takarda muke bugawa. Da kuɗin takarda ya fi ƙarfin asusunmu sai muka koma PDF, mu jefa a zaurukan WhatsApp, kowa ya tura wa nasa. Amfanin littafin kacokan yana cikin linki ne, wato shuɗin rubutun nan da za ka danna ya kai ka shafin hukumar da ake magana kai tsaye, ba sai ka je kafe an tatse ka ba, ko ka faɗa shafin 'yan damfara. Na bana akwai linki 112 a ciki, ni na ƙirga su da kaina.

Na buga komai a Word, na kai wani shago kusa da mu domin su yi mana bango mai kala da shafuka biyu na tsakiya masu hotuna, su haɗa su mayar PDF. Ba zan kama sunan shagon ba, sahu ɗaya muke sallah da mai shi. Na dai ja kunnensu cewa cikin masu karantawa akwai makafi, a yi shi yadda kwamfutarsu za ta karanta musu. Suka ce kada in damu. Da na karɓa na danna linki goma sha wani abu, kowanne ya kai ni inda ya kamata, na yi hamdala na tura.

Daren ranar, bayan isha'i, ɗan ƙanwata ya kira ni. Makaho ne tun yana ɗan shekara tara, yanzu yana aji biyu a jami'a, kuma shi da bakinsa ya hana ni ce masa "mai lalurar gani", wai in bar wa 'yan rediyo wannan.

"Kawu, barka da dare. Littafin nan naku ya iso."

"Madalla. Ya ka gan shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Na gan shi da kunne, kuma rubutun yana karantuwa. Amma Kawu, kun ce danna nan ya fi sau ashirin, ni kuwa ban sami nan ɗin ko ɗaya ba. Na nemi jerin linki, manhajar ta kawo mini guda tara, huɗu daga ciki ko suna ba su da shi."

Manhajar da yake nufi ita ce NVDA, mai karanta wa makaho abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, kuma tun 2006 aka faro aikin. Masu hali suna sayen JAWS, amma yawancin yaranmu NVDA suke riƙe da ita. Abin da ban sani ba sai a daren shi ne, makaho ba ya zama ya saurari littafi irin namu daga bango zuwa bango. Yadda mai ido yake wurga ido yana neman shuɗin rubutu, haka shi ma yake da nasa wurgin: ya haɗa madannin Insert da F7, sai duk linkin da ke cikin fayil ɗin su jeru masa, ko kuma ya riƙa danna harafin K yana tsallake daga wannan linki zuwa na gaba. A littafinmu in ya danna K a shafi na 3, sai ya tsinci kansa a tsakiyar littafi.

Da safe na koma shagon farko. Yaron shagon ya buɗe fayil ɗin, ya kama linzamin kwamfuta ya danna, shafin JAMB ya buɗe. Ya danna wani, ya buɗe. Ya dube ni ya ce, "Baba, ga shi yana aiki. Ƙila kwamfutar yaron ce take da matsala." Me zan ce? Gani ya kori ji. Na dawo gida ina zargin kwamfutar ɗan ƙanwata nima, Allah ya yafe mini.

Wani abokin karatun ɗan ƙanwar tawa ne ya kwatanta mana shagon Samaru. Yana cikin jerin shagunan fotokofi da bandin ɗin furojet da ke bakin titin Sakkwato, ɓangaren da yake kallon Jami'ar Ahmadu Bello. Daga Ƙofar Doka na shiga mota, muka bi ta Tudun Wada da PZ da Kwangila, na sauka na yi ta tambaya, don allon da ke ƙofar shagon bai bambanta da na maƙwabtansa ba, kuma ko kalma ɗaya bai ambata game da wannan aiki ba. Ɗaki ne ƙarami: injin fotokofi ya cinye rabi, kwamfuta biyu, benci ɗaya, da batirin sola a ƙarƙashin tebur. Mai shagon bai kai shekara talatin ba. Ya ce mini ya koyi aikin ne dole, saboda ƙungiyoyin da suke karɓar tallafi daga ƙasashen waje ana dawo musu da rahoto in bai cika sharaɗin karantuwa ga makafi ba, su kuma su kawo masa.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa linzami ya ce mini "ga shi yana aiki" ba. Ya jefa fayil ɗin cikin wata manhaja mai suna PAC, wadda ita ma kyauta ce a kan Windows, aikinta binciken PDF. Cikin daƙiƙu allo ya cika da ja. Ya ja mini kujera ya ce, "Baba, matso in nuna maka, don kada ka biya kuɗin abin da ba ka gani ba."

Bayanin da ya yi mini ga shi yadda na fahimce shi. Linki a cikin PDF abu uku ne aka haɗa. Akwai rubutun da ido yake gani. Akwai wani ɗan akwati marar ganuwa da aka ɗora a kan rubutun, shi ne yake riƙe da adireshin, kuma shi linzami yake dannawa. Na uku shi ne abin da masu aikin suke kira tag, ni kuma na raɗa masa tambari. A bayan kowane shafi akwai wani jeri mai rassa da ba a gani, wanda yake cewa wannan kanun magana ne, wannan sakin layi ne, wannan jadawali ne, wannan linki ne. Adobe ta fito da PDF a 1993, amma sai a 2001 aka shigar da wannan tsari na tambura. Manhajar makaho ba ta kallon shafi, wannan jerin take bi. Na ce masa, ashe ɗan jagora ne. Ya ce haka ne Baba, kuma ƙofar da ɗan jagora bai ambata ba, makaho zai wuce ta ko da a buɗe take.

Sai ya buɗe Acrobat Pro, manhajar Adobe ta gyaran PDF, ya fito da jerin tamburan a gefen allo, ya je shafi na 6 inda na rubuta maganar duba sakamakon NECO. Ga sakin layin nan a ƙarƙashin tambarinsa, harafin P, rubutu ya miƙe sambal daga farko har ƙarshe, babu wata alamar cewa akwai linki a tsakiya. Daga nan ya buɗe wani fayil nasa mai lafiya domin in kwatanta. A can, cikin sakin layin akwai tambarin linki, in ka buɗe shi sai ka ga 'ya'ya biyu a ƙarƙashinsa: ɗaya rubutun, ɗaya kuma wani abu mai suna OBJR, wanda shi ne igiyar da ta ɗaure tambarin da akwatin adireshin. In babu igiyar, manhaja za ta ce linki amma a danna ba a je ko'ina ba. In babu rubutun, za ta ce linki ta yi shiru, ko ta kama karanto adireshi. In babu tambarin gaba ɗaya, kamar namu, ko ambatonsa ba za ta yi ba.

Ya ɗan yi shiru yana latse-latse, sannan ya ba ni labarin abin da aka yi a shagon farko kamar yana wurin. A Word hanya biyu ce ake fitar da PDF: ko ka adana shi a matsayin PDF, ko ka tura shi kamar za ka buga a firinta sannan ka zaɓi PDF. Ta biyun tana ba ka rubutu tsirara, babu tambari babu linki, kuma ita suka bi. Da suka tuna maganar makafi sai suka sa Acrobat ya yi tambura da kansa. Bayan nan ne suka lura linki sun mutu, suka bi ɗaya bayan ɗaya suna zana akwatuna da hannu a kan shuɗin rubutun. A yi musu adalci, sun sha wahala, akwati 104 ba wasa ba ne. Sai dai sun zana su ne bayan an riga an gama jerin tambura, shi ya sa babu ko ɗaya da ɗan jagora ya san da zamansa. Aikin baban giwa.

Tara ɗin da ɗan ƙanwata ya ji kuwa, daga bango da shafukan tsakiya suke, waɗanda aka zana a CorelDRAW aka fitar da linkinsu tun farko. Su ma ashe takwas ne. Ɗaya ya karye ne a ƙarshen layi ya gangara layi na biyu, aka yi masa akwati biyu da tambari biyu, sai ake jin sa kamar linki biyu, na farko rabin suna, na biyu ɗaya rabin. Maganinsa a tattara igiyoyin biyu ƙarƙashin tambari ɗaya. Huɗun nan marasa suna kuma, mai zanen ya mayar da rubutunsu zane ne, abin da masu CorelDRAW suka saba yi don kada haruffa su canza a wata kwamfutar. Ido yana ganin kalma, amma a wajen manhaja hoto ne kawai.

Nan muka zo maganar kuɗi, kuma nan ne na san da mai gaskiya nake magana. Ya ce zai iya gyara PDF ɗin yadda yake, naira 300 kowane linki. Ya gwada guda ɗaya a gabana: ya sa Acrobat ya nemo akwatunan da ba su da tambari, ya yi wa na farko tambari, ya zaɓo kalmomin ya raba su da sauran sakin layin, ya jawo su cikin tambarin, sannan ya jawo tambarin kansa ya ajiye shi daidai gurbinsa a tsakiyar jimla, don in an bar shi a ƙarshen jeri sai manhaja ta karanto shi can bayan littafi ya ƙare. Na duba agogo, minti huɗu. Ya ce, "Baba, in ka ce in yi haka sau ɗari da huɗu zan yi, kuɗi ne zai shigo mini. Amma baɗi in ka canza kwanan wata ɗaya a Word ka sake fitarwa, duk aikin ya zube, sai a sake daga farko. Fayil ɗin Word yana nan?" Na ce yana cikin filas a aljihuna. Ya ce to a can za mu gyara, tun ran gini tun ran zane, kuma dubu goma sha takwas zan ba shi duka, har da shafukan zanen da dole sai da hannu. Wato ya rage wa kansa kusan rabin ciniki. Na nemi ragi duk da haka, don hali zanen dutse, ya ce Acrobat ɗin nan da dala yake biyan hayarsa. Na bari.

Da muka buɗe Word sai laifi ya dawo kaina. "Danna nan" sau 27, kuma duk ni na rubuta su. A jimla ba su da aibu: domin duba sakamakon NECO danna nan. Amma ka tuna makaho jeri yake nema, kuma a jeri sunan linki kaɗai ake karantowa. Ko da an gyara tamburan tsaf, abin da yaron zai ji shi ne danna nan, danna nan, danna nan, sau ashirin da bakwai, kamar kiran mai tallan da bai faɗi abin da yake sayarwa ba. Akwai ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu bukata ta musamman amfani da intanet da ake kira WCAG, na hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet, waɗanda bugu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.2 kuma a 2023, kuma sharaɗi mai lamba 2.4.4 a cikinsu yana cewa a iya gane inda linki zai kai mutum. Mai shagon bai ɓoye mini ba cewa sharaɗin ya yarda a gane daga jimlar da ke kewaye da shi, don haka a takarda ban karya doka ba. Ya ce amma shi bai taɓa jin makahon da ya gode wa danna nan ba. Gyaran ma ba wuya: a share kalmomin biyu, a zaɓi "duba sakamakon NECO", a danna Ctrl da K, a ɗora adireshin a kansu. Muka raba aiki, ni ina faɗin sunan da ya dace, shi yana bugawa.

Sai dogayen adireshi da na manna yadda suke, musamman na fom ɗin rajistar ƙungiyarmu, mai haruffa da lambobi a cakuɗe sun kusa cika layi biyu. Ya kunna sifika ya sa NVDA ta karanto mini shi. Ban iya jira ta gama ba. Muka ba kowanne suna gajere. Na kawo uzurin cewa akwai iyayen da suke buga littafin a takarda, su kuma in babu adireshi a rubuce shuɗin rubutu ba zai amfane su da komai ba. Ya yarda da wannan, muka ƙara shafi ɗaya a ƙarshe mai ɗauke da cikakkun adireshi domin masu takarda, da kanu a samansa yadda makaho zai san abin da ke ciki ya tsallake. Daga nan ya adana a matsayin PDF, ya nuna mini ɗan gurbin da ake tabbatarwa an yi masa alama, wanda yake cewa a fitar da tamburan tsari. Ya sa na yi da hannuna sau biyu don kada in manta.

Yanzu ga inda muka saɓa. Ko bayan an fitar daga Word yadda ya kamata, PAC ta ci gaba da nuna ja a kan abu ɗaya: kowane akwatin linki yana da gurbin bayani a cikinsa, kuma ma'aunin karantuwar PDF ga masu bukata ta musamman da ake kira PDF/UA, wato ISO 14289-1 da ya fito a 2012, ya wajabta a cike shi. Akwai hanyar da Acrobat zai cike su gaba ɗaya a bugu ɗaya, jan ya koma kore, ko da abin da aka zuba ba shi da wata ma'ana ga mai sauraro. Bai bi wannan hanyar ba, na yaba masa. Da hannu ya cike, amma da Turanci, a littafin da daga bango zuwa bango Hausa ce. Da na yi magana ya ce ai haka ya saba, masu kawo masa aiki duk rahoton Turanci ne. Na ce, "Ɗana, yaran da na rubuta wa littafin nan da Turanci ya wadace su da ban wahalar da kaina ba." Ya ɗan ɓata rai, amma ya sake su, ni na rubuta masa a takarda. A nan ne ma muka gano harshen fayil ɗin an bar shi a Turanci, ya mayar da shi Hausa. Na kuma lura ƙ da ɗ da ɓ suna ba shi wahala a kibod, sai ya kwafo daga rubutuna. Mai aiki a Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai kamata ƙugiya ta gagare shi ba, kuma na faɗa masa haka.

Ya ce in dawo Alhamis. Na zo Alhamis daga cikin gari, aiki bai kammala ba, wai lokacin furojet ne ɗalibai sun yi masa yawa. Na kira Juma'a sau uku bai ɗauka ba. Sai Litinin. Da ya turo mini saƙo tun Laraba da ya hutar da ni kuɗin mota da rabin yini, kuma wannan ita ce babbar illarsa: hannunsa yana da kyau, alkawarinsa na masu ɗinki ne ana gobe sallah. Rasit ma sai da na roƙa, alhali kuɗin ƙungiya ne, dole in yi bayani a taro.

Amma ranar Litinin ɗin ta biya ni. Tun farko ya ce ba zai karɓi cikon kuɗinsa ba sai wanda ya kawo ƙorafin ya zo ya saurara da kunnensa. Na tambaye shi, ba ga PAC ta nuna kore ba? Ya ce kore ba shaida ba ce. Akwai wani jerin sharuɗɗa da ake kira Matterhorn, wanda ake auna PDF/UA da shi, sharaɗi 136, kuma fiye da arba'in daga ciki na'ura ba ta iya yanke hukunci a kansu sai mutum. Manhaja za ta iya gaya maka akwai suna a kan linki, ba za ta iya gaya maka sunan ya dace da inda zai kai ka ba. Ya ce ya sha ganin fayil ɗin da aka mayar kore ta hanyar ce wa manhaja wannan ado ne ki tsallake, alhali maganar da ake bukata ce aka binne.

Na ɗauko ɗan ƙanwata a keke. A ƙofar shagon akwai kwata a buɗe, an gicciya katako ɗaya siriri mai lilo, sai da na riƙe shi da hannu biyu muka haye. Shagon da yake gyara wa makafi hanya a cikin takarda ke nan. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a suke shiga, wa'adin ya wuce, amma ka zaga layin nan ka ƙirga katako. Ciki kuma janaretan maƙwabci yana ta ruri, dole aka nemo abin sawa a kunne mai baki biyu, ɗaya a kunnen yaron, ɗaya a nawa.

Mai shagon ya kashe allon kwamfutar ɗungurungum, ya tura wa yaron kibod. Muryar ta fara zuba da gudun da ban tsinci ko kalma ɗaya ba, sai da ya rage mata sauri saboda ni. Muryar Turanci ce take karanta Hausa, tana murɗe kalmomi yadda da ni kaɗai ne da na ce ba Hausa ba ce, shi kuwa kunnensa ya saba. Ya danna Insert da F7. Sai ga su suna zubowa: cike fom ɗin JAMB, tsarin JAMB na makafi masu zana jarrabawa, duba sakamakon WAEC, duba sakamakon NECO, neman bashin karatu. Ya zaɓi ɗaya ya danna, shafi ya buɗe. Ya koma ya bi da K tun daga shafin farko, bai ce uffan ba, ni kuwa ina ta kallon baƙin allo kamar zan ga wani abu. A nan dai ji ne ya kori gani.

A shafi na 31 ya tsaya. Ya ce, "Malam, akwai biyu a nan masu suna ɗaya, shafin hukumar, shafin hukumar. Wace hukumar?" Gaskiyarsa. Ɗaya na hukumar tallafin karatu ta jiha ne, ɗaya na tarayya, kuma PAC ta wuce su da kore. Ni na ba su sunan, shi mai shagon bai lura ba. Nan take ya kunna allo ya gyara a Word da PDF duka. Yaron ya kuma gwada madannin Tab, ya tarar a shafukan tsakiya yana tsalle daga ƙasa zuwa sama, aka saita shi ya bi jerin tambura. Duka bai fi minti goma ba.

Abu ɗaya ya rage da har yanzu ban gamsu ba. Bayan mun koma gida yaron ya bi linkin ɗaya bayan ɗaya ya tarar uku sun mutu, shafukan da suke nunawa an sauya musu adireshi. Na kira mai shagon, ya ce aikinsa tambari ne, duba ko shafi yana raye na mai littafi ne. A ƙa'ida yana da gaskiya, tunda ni na kawo adireshin. Amma wanda ya zauna da linki 112 har kwana biyar, ko bai gyara ba ai ya ce Baba ka duba kaza. Na gyara su da kaina a Word, sai dai fitar da sabon PDF yana nufin sake cike gurbin bayani da haɗa shafukan zane, don haka sai da na sake komawa Samaru. Bai karɓi ko kwabo a wannan ba.

Wanda yake da takarda mai shafi ɗaya ko biyu da linki uku, ba ya bukatar zuwa Samaru: ya ba kowane linki suna mai ma'ana a Word, ya adana a matsayin PDF, kada ya bi ta firinta, sannan ya sauke NVDA ya saurara. Wanda kuma yake da rahoto ko kundi mai kauri, ko PDF ɗin da asalinsa ya ɓace, ban san wani a garin nan da zan tura shi wajensa ba in ba mai shagon nan ba. Ya tafi da fayil ɗin Word in yana da shi, ya ƙara kwana huɗu a kan ranar da aka yi masa alkawari, ya faɗa tun farko da wane harshe yake son bayanin, kuma ya duba adireshinsa da kansa kafin ya kai.

Ranar da na koma ta ƙarshe na tarar ashe sun yi waya da ɗan ƙanwata a bayan idona. Mai shagon yana so ya riƙa turo masa fayil yana saurara kafin a miƙa wa masu shi. Yaron ya ce naira dubu uku kowane fayil, shi ya ce dubu ɗaya da rabi, suka rabu a dubu biyu, kuma in har sai ya zo shagon to kuɗin keke a kan mai shago. Na yi masa maganar katakon ƙofa, ya ce zai gaya wa mai ginin. Ranar Asabar da na wuce ta wurin a mota na leƙa, yana nan yadda yake.